Hudar da Ba a Rufewa

Shekara arba'in ina cin tuwo da allura
a bakin kasuwar Yelwa,
duk ɓular da ta zo gabana sai na rufe mata baki.
Sai ga Kuluwa, 'yar gidan adana kayan tarihi,
ta ce, Baba Tunau, akwai aiki,
amma ka bar almakashinka a gida.

Mutum shida suka warware shi a kan tabarmi.
Zanen jirgin yaƙi ne, saƙar hannu, ƙwarya-ƙwarya,
wanda ake ɗaura wa gora ya sha iska
in masu tuƙi sun gaji.
Daga tsohon rumbu aka ciro shi,
gara ta ci gefe guda,
ɓera ya haihu a tsakiya,
har yau yana warin hayaƙi da busasshen kifi.

Na ƙirga huda talatin da ɗaya.
Ta ce ashirin da bakwai na kibiya ne,
uku na bindigar toka,
ɗayar kuwa ba wanda ya sani.
Ga wani tabo mai launin tsohon goro
daidai inda mai riƙon igiya zai tsaya.
Ban tambaya ba.

Hannuna ya yi ƙaiƙayi.
Na kai zare bakin babbar yagar,
ta riƙe mini wuyan hannu:
Ta baya za ka tallafe shi da alawayyo,
kada ka rufe ko guda.
Mai zuwa kallo hudar zai karanta.

Wata uku ina durƙushe, ba takalmi, ba goro a baki,
ɗinki ƙanana kamar sawun tururuwa.
A nan na gane hannun wanda ya riga ni:
bahago ne, kuma sauri yake,
ya yi faci da yankin rigarsa,
wataƙila jirgin na tangaɗi a lokacin.

Yau yana kwance bayan gilashi, an rage fitila,
an hana shi rana, an hana shi iska,
shi da iska ce abincinsa.
'Yan makaranta na tambayar wa ya ci yaƙin.
Wani tsohon Bagunge ya tsaya har la'asar,
ya nuna huda ta talatin da ɗaya da haɓa,
ya ɗauki sandarsa ya fita.

Da yamma, in Kuluwa ta juya baya,
nakan tura tagar da ke duban Kwara, ɗan kaɗan.
Na san gilashi ba zai bar ta ta shiga ba.
Ni nake tsayawa in sha masa.