Sunan da Ban Goge Ba

Ƙarfe biyun dare a Kutaisi,
kogin Rioni na gunaguni a ƙarƙashin gada.
Ni Nodar, mai gadin siton fulawa,
na ajiye makullai kusa da kofin shayi,
na buɗe tsohuwar kwamfutar da Tsiala ta bar mini
ranar da ta tafi karatu.

A nan ciki ni ne uban gida.
'Yan dambe arba'in da ɗaya ke ci a hannuna,
ba su da jini, ba su da uwa,
amma kowa da nauyinsa, kowa da tsohon targaɗensa,
kowa da ranar da kwantiraginsa zai ƙare.

Asabar akwai wasa.
Na kama zaure mai kujera dubu shida,
kuɗin fitilu kaɗai ya lashe ribar watan jiya.
Ga babban karon ya rushe tun ɗazu:
Morioka ya karya yatsa wurin horo,
Zielak ya hau sikeli, kilo biyu sun ƙi sauka,
shi kuma yaron nan na Manila da ya ci uku a jere
ya aiko wai a ninka masa, ko ya canja gida.
Ɗan tsako, samu ka ƙi dangi.

Haɗa faɗa ba jefa mutum biyu cikin keji ba ne.
Ka ba mai naushi ɗan kokawa,
a kwanta a ƙasa minti goma sha biyar, jama'a na hamma.
Ka haɗa zakarunka da wuri,
gobe ba ka da wanda zai yi cara.
Ka yi ta ɓoye yaronka kana ba shi masu laushi,
ranar da ya gamu da wuta ya narke kamar kitse.

Can ƙasan jerin, inda ido ba ya son zuwa,
akwai Valdomiro.
Shekara talatin da tara, kaye biyar a jere,
haɓarsa ta zama tangaran, in ji lissafi.
Duk daren da na buɗe
sai ɗan jan akwati ya tsaya a kan sunansa:
A sallame shi?

Shekara ashirin da shida ke nan,
a wani ɗakin horo a Batumi,
wani mai biro ya ja layi a kan sunana
bai ko ɗago kai ba.
Gwiwata ta daɗe da yin shiru,
ƙarar biron ce ba ta daina ba.

Tsiala ta ce a waya,
Baba, lambobi ne fa, ba ya jin komai.
Na ce na sani.
Sanin ne bai gangaro zuwa yatsana ba.

Na ɗauko shi daga ƙasa
na kai shi can sama, gaban yaron Manila.
Tikiti ya faɗi warwas,
masu talla biyu suka janye.
Na danna.

Turmin farko ya sha duka kamar tabarma a igiya.
A na biyu gira ta fashe,
ya jingina da raga, bai durƙusa ba.
Sai ga hon a bakin ƙofa,
Gocha da motarsa, buhu tamanin na gidan burodi.
Na fita cikin yayyafi, ina ƙirga, ina ɓata ƙirga.

Da na dawo an gama.
Alƙalai uku duk sun ba yaron.
Kaye na shida,
amma a tsaye aka karanta masa.

Jan akwatin ya sake fitowa.
Shayina ya huce, gari na neman wayewa.
Na danna a'a,
na buɗe jadawalin wata mai zuwa
ina neman wata Asabar da ba kowa.