Tulu Biyu

Bazara ta sauka a Kaltungo ba sallama.
Mangwaro na faɗowa kan kwanon ɗakinmu
kamar mai bin bashi da tsakar rana,
kaji sun buɗe baki a ƙarƙashin rumbu,
Dutsen Kilang ya yi fari don zafi.

A makon ne Yila ya dawo daga Jos.
Otal ɗin da yake wa aiki an rufe shi.
Ya zo da jaka ɗaya, da wuƙa 'yar siririya,
da wani gwangwani mai murfi, mai ƙyalli,
da kwalba naɗe cikin tsohuwar riga.
"Abokina ke dafa ta a Bukuru," in ji shi,
"da ruwan rake, tukunya ɗaya a wata."

Mama ta dube shi, ta dubi kwalbar,
ta ce, "Shekara shida, wannan ce takardar?"

Bai tanka ba. Ni ya aika kasuwa:
tsamiya ta ɗari biyu, ɗanyar citta,
lemun tsami shida, kanumfari kaɗan,
ƙanƙara kuma wurin Rifkatu mai firji,
in wuta ta yi mata adalci daren jiya.

Na tsaya ina kallon hannun wana.
Hannun da bai taɓa iya huɗa ta miƙe ba
ga shi yana fere mangwaro
ɓawon na sauka zare ɗaya, bai tsinke ba.
Ya jiƙa tsamiya, ya tace da kallabina,
ya ƙi turmin Mama, wai yana warin daddawa,
ya murje citta da gindin cokali.
Ya auna barasar da murfin kwalba,
biyu, ya dakata, ya ƙara rabi,
sannan ya rufe gwangwanin ya girgiza
kamar caki a hannun matan zumunta.

Ana haka Baba Jauro ya yi sallama.
Tun Babanmu na da rai nan ne wurin zamansa,
bayan la'asar, gindin mangwaron nan,
carbi a hannu, rediyo a cinya.
Babanmu ya tafi, shi bai fasa zuwa ba.

Yila ya tura kwalbar bayan randa da ƙafa.
Ya wanke gwangwanin sau uku da toka,
ya ɗauko wani tulun, ya sake sabon haɗi,
mangwaro, tsamiya, citta, zuma,
ba ko ɗigo daga Bukuru.
Ya tsinko jan zare daga bakin zanina
ya ɗaura a wuyan tulun farko.

Baba Jauro ya ga zaren. Ya ga randar ma.
Ya yi bismilla, ya kurɓa daga nasa,
ya daɗe shiru, ƙanƙara na ƙara a haƙoransa,
ya ce, "Yaro, ka cika citta.
Ƙaro min."

Mama ta fito da kofin Babanmu,
mai fenti shuɗi, wanda ba a taɓawa,
ta ɗauraye, ta miƙa ba ta dubi kowa ba.
"Daga na Jauro," ta ce. Ta sha.
Ta ce tsamiyar ba ta jiƙu ba.
Ba ta ajiye kofin ba sai da ta ga gindinsa.

Ni kam na ɗanɗana mai jan zaren.
Da fari sanyi, da zaƙin mangwaronmu,
daga baya wata 'yar wuta
ta bi maƙogwaro tana neman wurin zama.

Wajen magariba hadari ya haɗo daga gabas,
iska ta kawo ƙamshin ƙasar wani gari,
ta kwashe mana shanya, ta wuce Billiri da ruwan.
Baba Jauro ya tashi neman buta.

Yila ya ɗaga kwalbar saitin fitila
ya auna da hannu: saura yatsa huɗu.
Ya ce za ta kai mu shuka.
Mama ta ce fartanyar Babanmu na nan bayan ƙofa,
ya auna ta ita ma, in ya gama.