Ruwa Bai Iya Karatu Ba

Verlin Stuckey ya kafa allo a bakin gonarsa,
jan fenti, harufa zaƙo-zaƙo:
HARAJI SATA NE.
Shekara tara ina wuce allon nan
in zan je duba ganuwar da ke tare mana Missouri,
littafin kuɗin gunduma a kujerar gefe.

Ran taro ya miƙe, hula a hannu:
"Gumina nawa ne, masarata tawa ce.
Gwamnati ta kama ɓarawo, ta tsare iyaka,
sannan ta ja bakinta ta yi shiru."
Aka tafa. Ni ma saura ƙiris,
don na taɓa jiran wata goma sha huɗu
kafin wani ofis a Lincoln ya buga mini hatimi ɗaya.

Aka ƙi ƙarin dala arba'in na gyara.
Ɓeraye ba su halarci taron ba,
suka ci gaba da haƙa.

Sai Maris. Ƙanƙara ta narke dare ɗaya,
kogi ya zo ba sallama.
Bai tsaya a shingen kowa ya nemi takardar fili ba.
Ya shiga ta gonar Odell, wanda ya ce a biya,
ya fita ta gonar Verlin, wanda ya ce a'a,
laka iri ɗaya ya bar musu.

A kan rufin rumbu aka same shi da asuba,
rungume da karensa.
Yarinyar da ta tuƙo kwalekwalen gunduma
ba ta ce ya nuna rasit ba.

Verlin, ban zo gori ba.
Ni ma firjina yana can cikin itatuwa.
Sai dai ka gaya mini:
a wace kasuwa ake sayar da rabin ganuwa?
Wa zai gina nasa taku ɗari
in na maƙwabci a buɗe yake?
Harufan nan ma da ka zage mu da su,
marigayiya Malama Petrasek ta koya maka,
albashinta kuwa daga wannan satar.

An tsinci allon mil huɗu daga gida.
Ya ɗauko, ya wanke, ya jingine a bango,
bai kafa ba, bai ƙona ba.

Jiya mun cika buhunan yashi tare,
shi shebur, ni bakin buhu.
Bai ce komai ba sai: "Riƙe da kyau, Lorna."