Fasin Nafi'u

Bara, kafin Nafi'u ya ɗaga kai a tsakiyar fili
ni na riga na tashi.
Ba ya kira, ba ya nuni da hannu,
sai dai ƙwallo ta biyo ni ta bayan 'yan baya
ta kwanta mani a ƙafar dama
kamar kyanwar gidanmu.

Bana Malam Dikko ya sayi littafi.
Ya ce ranar da kwalejinmu ta kara da 'yan Dutsin-Ma,
cikin fasin ashirin da bakwai
sha ɗaya ne suka isa inda aka aike su.
Sauran sadaka muka yi wa baƙi,
ɗaya ma ya haura katanga
ya faɗa cikin rogon mai gadi.

A teburin shayi na Ƙofar Ƙaura kowa koci ne.
Sagir ya ce takalmi ne,
gwanjo ya saya, ya yi mashi yawa, yana cusa auduga.
Tukur ya ce girman kai,
tun da aka buga hotonsa a allon sanarwa.
Mai shayin ya ce baki ne, a nemo rubutu,
ya ƙara mana sukari.

Ba wanda ya ambaci Rabe.
Rabe ya gama, yana can kudu yana bautar ƙasa.
Bai taɓa cin ƙwallo ba a shekara uku,
aikinsa ya tsaya a bayan Nafi'u kamar buhun gero
ya saya mashi numfashi ɗaya.
A cikin numfashin nan ake ganin fili.
Yanzu kafin ya juya
akwai gwiwar wani a ƙugunsa.

Ba wanda ya ga idon sawunsa na hagu.
Ni na gani, ɗaki ɗaya muke kwana.
Tun wasan Funtuwa yake ɗaure shi da tsumma
bayan an kashe fitila.
Ita ce ƙafar da ke dafa ƙasa ɗayar ta buga,
in ta ji tsoron ƙasa
ƙwallo sai ta tashi sama ta rasa adireshi.
Ya rantsar da ni kar in faɗa,
wai akwai yaro ɗan ajin farko yana jiran rigar.

Saura ɗaya, ita ce ba ta cikin littafi.

Mutum biyu ke yin fasin,
mai aikowa da mai zuwa tarya.
Tun da wani mai jaka daga Kano
ya karɓi lambata ya ce in kula da ƙafafuna,
na daina shiga inda ake takun mutum.
Nafi'u na aika ƙwallo inda nake zuwa bara,
ni kuma ina tsaye inda ba ƙura,
in ɗaga hannu sama
don 'yan kallo su san ba laifina ba ne.
Malam Dikko ya duƙa ya ja layi
a gaban sunan da ba nawa ba.

Jiya da daddare yana murza man zafi
ya ce, "Wai ni, ka rage gudu ne
ko idona ne ya fara?"
Na ce mashi filin ne, duk ya zama rairayi.

Mai jakar bai kira ba har yau.
Asabar muna da 'yan Daura.