Mazurari a Bayan Injin Appa

A Channapatna, layin masu sassaƙa kayan wasa,
tarin Appa ke buɗe shago kafin makulli.
Shekara talatin da ɗaya yana juya farin icce,
iccen na komawa gari, yana bin sa ciki.
Girarsa fari, gashin hancinsa fari,
kuma ba duka ne furfura ba.

Likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa ga fitila,
ya ce, "Timmayya, ai ka zama buhu."
Appa ya yi dariya.
Dariyar ta ƙare a tari.

Na tafi wurin Fayazulla mai walda
da zane a bayan takardar kuɗin wuta:
mazurari na kwano, bakinsa taƙi biyu,
wuyansa daidai kaurin tiyo,
da hannu mai gwiwa wanda zai lanƙwasa.
Ya juya takardar sama da ƙasa,
ya ce, "Netra, lasifika za ki kafa?"

Ran Lahadi na kashe wuta tun daga tushe,
na kwanta ƙarƙashin injin, sifana a haƙori.
Noti huɗu. Ɗaya ya tsere cikin dusa,
sai da maganaɗisu ya kamo ɓarawon.
Na ɗaure ƙarfen ga gadon injin, ta baya,
inda ƙura ke tashi in samfefa ta taɓa icce.

Karon farko ya tare haske.
"Da me zan ga jijiyar icce? Da kunne?"
Na kwance.
Karo na biyu ya buge masa gwiwar hannu,
ya yi mini kallon da ake yi wa ɗan koyo.
Na sassauta, na matsar da shi yatsa uku,
na karkata bakin kamar mai jiran a raɗa masa magana,
na ɗaure har tafin hannuna ya yi ja.

Mahaifiyata ta kawo tsinken turare a kunne.
Hayaƙin ya miƙe, ya tsaya shawara.
Na danna makunni,
sai ya sunkuya ya shige mazurari
tamkar zare ya sami kafar allura.

Appa ya ɗaura icce, ya ja bel.
Katantanwa ce ƙarama, ta yaran tasha.
Ya goge ta, ya shafa mata jan ƙaro
har ta ɗauki sheƙi,
ya yanke ta daga uwarta.
Fuu! Tiyo ya haɗiye.
Muna ji tana ƙwanƙwasa hanya har buhu.

"Ga yaronki," in ji shi, "ya fara sata."
Na yanko raga daga tsohuwar rariya
na toshe masa maƙogwaro.
Mahaifiyata ba ta sani ba tukuna.

Da almuru muka kwance buhun.
Ga katantanwa, ja a cikin fari,
ga gari mai laushi, ya fi mudu biyu.
Appa ya nutsa hannu har wuyan hannu,
ya daɗe bai fitar ba.
"Na yau kaɗai?"
"Na rabin yini," na ce.

Ya ce shagon ya daina ƙanshin mahaifinsa.
Ban sami amsa ba, na tattara sifana.

Da safe tarin ya riga ni, kamar kullum.
Amma daga bakin ƙofa na ji tsarin ya sauya:
gurnanin tiyo tukuna,
sannan bel.