Shaidu Goma Sha Biyu

Dusar ƙanƙara ta janye daga Duluth
kamar mai bin bashi da ya gaji da sallama,
ta bar mana ciyawar ƙofar gida
rawaya, da sanƙo nan da can.

Mahaifina Arvid yana baranda,
bargo a gwiwa, sanda a hannu.

"Ba bokitin ƙarfe ba, Solveig.
Ƙarfe yana tsoma baki a zancen da ba nasa ba.
Ɗauko na roba, ki wanke."

Na wanke.

"Kada ki tambayi wuri ɗaya,
bakin mutum ɗaya ba ya yanke shari'a.
Bi filin a karkace, tafiyar maciji,
huda goma sha biyu,
kowace zurfin manuniyar yatsarki.
Fige ciyawa da saiwa ki yar.
Ƙasa muke son ji, ba hularta ba."

Na nufi bakin titi, sanda ta bugi katako.
"Can gishirin da ake zuba wa hanya ne zai amsa miki.
Bar gindin shinge ma,
inda karen gidan Okerlund ke ɗaga ƙafa."

Sai na iso kusa da famfo,
wani ɗan da'ira kore shar,
faɗin faifai biyu.
Nan buhun taki ya ɓarke a hannun mahaifiyata,
ta tsaya tana dariya, takalmanta fari fat.
Wurin ya ƙone ƙurmus a shekarar.
Ya dawo ya fi ko'ina kyau
a shekarar da ba ta gani ba.

Na ɗora bakin ƙarfen huda a kai.
Sanda ba ta buga ba.
Jirgin ruwa ya yi kuka can a tafki,
ya sake yi.

"Tsallake," in ji shi.
"Wannan ƙarya zai yi mana.
Zai ce komai lafiya lau."

Na murmushe sauran da hannu a bokiti
har ba a gane ta gabas da ta yamma,
na shanya a kan tsohuwar jarida cikin gareji,
nesa da wuta, kwana biyu.
Kofi ɗaya ya shiga leda.
Na rubuta: gaban gida, Afrilu.

Takardar ɗakin gwaji tana tambaya:
mece ce matsalar filinku?
Layi ɗaya suka bari.
Na rubuta, sanƙo.

Da yamma wani tsuntsu mai jan ƙirji ya sauko,
yana leƙa ramukan ɗaya bayan ɗaya.
Baba yana ƙirga masa da bakin sanda.