Takardar da ke Shaƙar Gari

Kowace Talata, kafin jiragen ruwa su yi kuka,
Eloísa Paillán kan taka matakala saba'in da uku
zuwa rufin ma'aikatarsu a Valparaíso,
ta zare farar takarda daga bakin injin
da ya kwana bakwai yana shaƙar gari.

A Janairu, tsakiyar zafinsu,
da ƙyar takardar ke yin dauɗa:
gishiri ne, tofin da teku ke yi wa tuddai.
In ban da shekarar da dajin bayan gari ya kama,
ta tsinci tokar itatuwa haɗe da ta ɗakunan mutane.

Yuli kuwa iska kan kwanta kamar mai jego.
Kowane gida ya hura murhu,
takardar ta sauko da launin gindin tukunya.
Kanwar itace, farar wuta daga bututun jirage,
da wani tsami mai cin gishiri tun yana sama,
har ya iso ma'auni da rabin jikinsa.

Ta auna, ta rubuta, ta adana a sanyi.
Tarin wata guda bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Da dare mahaifinta, tsohon ɗan dakon tashar ruwa,
ya yi tari har shayinsa ya zube.
Ya ce, "Me kika kamo yau?"
Ta ce, "Abin da ka sha, Baba."
Ya yi dariya, ya ƙara ice a wuta,
don sanyi ba ya jiran sakamako.